Yadda Ake Yi wa Jariri Mai Shawara Tausa da Wanka

Cikin jarirai goma da aka haifa a kan lokaci, kusan shida sukan nuna shawara a makon farko, wato fatarsu da farin idonsu su yi launin ɗorawa. Cikin bakwaini kuwa abin yakan kai takwas. Galibi tana fitowa a kwana na biyu ko na uku, ta yi ƙarfi tsakanin kwana na uku da na biyar, sannan ta washe kafin mako biyu. Amma akwai wadda ba ta tsayawa nan. Takan hau har ta taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya ji, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko a rasa shi ɗungurungum. Abin da ke damunmu shi ne, wannan hawan yakan zo daidai kwanakin da mai jego da jinjirinta suke cikin ɗaki ana jiran suna, labule a sake, jariri a naɗe cikin shawul, ba mai ganin jikinsa sai mai yi masa wanka.

Tausa da wanka suna taimakon jariri mai shawara idan an yi su yadda ya kamata, amma ba sa tsayawa a madadin gwajin jini ko fitilar asibiti, wato hasken musamman da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinsa don sauke shawara. Tsarin da za mu kawo na jaririn da ma'aikacin lafiya ya riga ya duba ne, ya ce shawararsa ba ta kai ta kwanciya ba, ko wanda aka sallamo bayan an sa shi a fitila. Da ke muke magana, ke da wankan jaririn yake hannunki, ko ke ce mai jegon, ko kaka, ko gwaggo, ko ungozoma.

Inda tausa take shigowa

Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, kuma nasa ba sa daɗewa: kwana 70 zuwa 90 suke yi, alhali na babba suna kai kwana 120. Idan suka farfashe sai su bar wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ce take sarrafa shi, ta tura shi hanji, ya fita cikin kashi. Hantar ɗan kwana uku ba ta yi ƙwari ba, sai sinadarin ya taru a jini ya rina fata da farin ido.

Baƙin kashin nan mai danƙo da jariri yake yi a kwanakin farko cike yake da bilirubin. In ya daɗe a ciki bai fita ba, hanji yakan sake tsotse sinadarin ya mayar da shi jini, hanta ta koma kan aikin da ta riga ta gama. Saboda haka duk abin da zai sa jariri ya yi kashi da wuri, kuma akai-akai, yana rage shawara. Nono ne kan gaba. Tausa tana biye: tana motsa hanji, tana kuma farkar da jariri mai nauyin barci ya kama nono. Gwaje-gwajen da aka yi a asibitocin Iran da Taiwan da Jafan sun nuna jariran da ake yi wa tausa kullum sun fi yawan kashi, kuma bilirubin ɗinsu ya fi saurin sauka. Gwaje-gwajen ƙanana ne, da yawa daga cikin jariran ma suna ƙarƙashin fitila a lokacin, kuma saukar ba ta kai ta ceci jaririn da shawararsa ta yi tsanani ba. A ƙa'idojin kula da mai jego da jariri na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi wa lafiyayyen jariri da ya cika watanninsa tausa mai taushi.

Wanka kuwa ba ya wanke shawara. Launin daga jini yake, ko an dirje jariri da soso har fatarsa ta yi ja ba abin da zai ragu. Amfanin wanka shi ne tsafta, don ƙwayar cuta da ta shiga ta cibi ko ta fata tana tsananta shawara. Sannan a lokacinsa ne ake ganin jariri tsirara daga kai har tafin ƙafa.

Duba shi tukuna

Kullum kafin ki fara, fito da shi bakin ƙofa ko kusa da taga inda hasken rana yake shigowa. Fitilar waya da ƙwan lantarki suna yaudarar ido, haka ma labule ko fentin bango mai launin ɗorawa. Danna ɗan yatsanki a goshinsa ko kan hancinsa na daƙiƙa biyu, ki ɗaga, ki duba launin wurin kafin jini ya dawo. Ki yi haka a ƙirji, da ciki, da cinya, da ƙwauri, da tafin hannu da na ƙafa. Shawara daga kai take gangarowa: in tana fuska kawai, ba ta yi nisa ba, in ta wuce cibi, ta hau, in ta kai tafin hannu ko tafin ƙafa, an shiga haɗari. A jariri mai duhun fata, ɗaga leɓensa na sama ki duba dasashi, ki kuma duba farin idonsa. Kwalli yana ɓoye wannan farin, wani ma akwai dalma a cikinsa, don haka a bar idon jariri yadda yake.

Akwai ranar da ba a tausa, ba a wanka, sai dai a nemi abin hawa. Ita ce ranar da shawara ta fito tun jariri bai cika awa 24 ba, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ya daina kama nono, ko sai an sha wuya kafin ya farka, ko jikinsa ya saki. Haka idan kukansa ya koma siriri mai tsini, ko yana banƙarewa yana jan kai baya, ko yana jijjiga, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Banƙarewa da tsinin kuka alamun bilirubin ne ya fara shiga ƙwaƙwalwa. A nan awoyi ake ƙirgawa, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran maigida ya dawo daga kasuwa. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'adua. A Daura a nufi babban asibitin garin. In ƙaramin asibitin unguwa aka fara zuwa, a nemi su auna bilirubin ko su tura inda ake aunawa.

Ido yana kuskure, musamman a baƙar fata, shi ya sa ake auna jini ko a ɗora na'ura a goshi ko ƙirji. Sakamakon yakan zo da ɗaya daga ma'auni biyu, mg/dl ko µmol/l, kuma 1 na farko daidai yake da kusan 17 na biyu. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, lafiyayyen jariri da ya cika watanninsa ana sa shi a fitila idan ya kai 15 mg/dl a kwana na biyu, ko 18 daga kwana na uku. Bakwaini da marar lafiya ana fara musu a ƙasa da haka. Likita zai duba awoyin jariri a duniya da nauyinsa da rukunin jininsa. Uwa mai jini O da ta haifi mai A ko B, da uwa mai jini negatif, da wadda wani ɗanta ya taɓa kwanciya saboda shawara, jariransu sun fi buƙatar a auna su da wuri, ko da ido bai ga komai ba.

Abin da za a fitar daga ɗaki da kwandon wanka

Wannan matakin ya fi tausar kanta muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Akwai wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jini da ake kira ƙarancin G6PD. Ya yawaita a Najeriya, ya fi kama maza, kuma ba a gane mai shi da ido. Jaririn da yake da shi yana iya zama lafiyarsa ƙalau, amma in wani sinadari ya taɓa shi, sai jininsa ya farfashe cikin kwana ɗaya ko biyu, shawara ta yi tashin gwauron zabo.

Babban mai jawo wannan a gidajenmu shi ne kafur, fararen ƙwallayen nan da ake jefawa cikin akwati don kyankyaso. Kayan jariri da aka tanada tun ciki yana wata bakwai, da zanin goyo, da shawul, duk sukan kwana da shi watanni. Jariri yana shaƙar warinsa, yana kuma shiga ta fata. Kuma kafur yana narkewa cikin mai, saboda haka fatar da aka shafe da mai ta fi saurin tsotse shi. Wato idan kika yi tausa da mai sannan kika sa masa rigar da ta fito daga akwatin kafur, kin ƙara masa ciwo ne. A fitar da kafur daga ɗakin gaba ɗaya. A wanke duk kayan da suka zauna da shi da sabulu, har da na mai jego da zanin gado, a shanya su a rana, a sansana. In da sauran wari a sake wankewa.

Lalle ma haka yake yi wa irin waɗannan jarirai. Kada a sa wa jariri lalle, ko a ƙafa ko a jiki, ko don kwalliyar suna ne. Man zafi irin su Robb da hoda mai mentol su ma a ɗauke su. Ba a shafa su a ƙirji, ba a cusa su a cibi. Ba a ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Dettol a ruwan wankansa. Sabulun salo da sabulun magani da na ƙarin hasken fata sun yi wa fatar jariri kaifi. Turaren wuta da garwashin ɗumama ɗaki a fita da su kafin a rufe ƙofa.

Man tausa kuwa, man kwakwa tsantsa marar turare ya wadatar. Rabin ƙaramin cokali ya ishi jiki duka. A ranar farko shafa ɗigo ɗaya a cinyarsa ki jira kamar awa ɗaya. In wurin ya yi ja ko ya fito da ƙuraje, a bar man. Man zaitun, duk da yadda ake son sa, bincike ya nuna yana raunana fata mai taushi, gara a ajiye shi sai yaro ya yi ƙwari. In ba ki da man da kika amince da shi, yi tausar da hannu kawai.

Tausar, daki-daki

Sau biyu a rana ya isa, da hantsi da kuma bayan la'asar. A bar kamar awa ɗaya bayan ya sha nono, don danna cikin da ya cika yana kawo tumbuɗi. Ya kasance a farke, ba yana kukan yunwa ba. Minti biyar a ranar farko, sannan a riƙa ƙarawa har minti goma zuwa sha biyar. Kashe fanka, rufe taga. Cire zobe da awarwaro, yanke farce, wanke hannu da sabulu, ki murza tafukanki har su yi ɗumi. Shimfiɗa tawul a kan katifa ko a kan ƙafafunki a miƙe, ki kwantar da shi rigingine, ƙafafunsa suna wajenki. Ki rufe duk inda ba ki taɓawa da zani mai laushi, ki buɗe gaɓa ɗaya kawai a lokaci guda.

Ƙarfin hannu shi ne inda ake yawan kuskure. Shafa mai sauƙi ƙwarai cakulkuli ce, tana ɓata masa rai. Matsa mai ƙarfi tana fasa ƙananan jijiyoyin jini, kuma duk jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata bilirubin zai koma. Ki danna kamar yadda kike danna tumatir ki ji ko ya nuna, ba tare da kin bar masa shaida ba. Fatar ta ɗan motsa a ƙarƙashin hannunki, shi ke nan.

Fara da ƙafa, don nan ne jariri ya fi saurin yarda a taɓa shi. Riƙe idon sawunsa da hannu ɗaya, ki zagaye cinyarsa da ɗayan, ki shafo a hankali daga cinya zuwa idon sawu, sau biyar ko shida. Ki murza tafin ƙafar da babban yatsa daga diddige zuwa yatsu. Sai ɗaya ƙafar. Ki kauce wa inda aka yi masa allurar riga-kafi a cinya.

Sai ciki, kuma nan ne ya kamata ki fi daɗewa. Babban hanji yana tashi ne daga ƙasan ciki ta hannun damar jariri, ya hau sama, ya ratsa ta ƙarƙashin haƙarƙari, ya gangaro ta hagunsa zuwa dubura. Hannunki zai bi wannan hanyar. Tunda kina fuskantarsa, damarsa tana hagunki. Ɗora yatsu biyu ko uku a ƙasan cikinsa ta hagunki, ki hau sama, ki ratsa ta saman cibi, ki gangaro ta damanki, wato yadda hannun agogo yake juyawa. Zagaye ɗaya ya ɗauki kamar daƙiƙa biyar. Ki yi shida zuwa goma. In kika juya akasin haka kina tura iska da kashi baya ne. Ki zagaye cibi daga nesa, kada mai ya taɓa shi, kada kuma ki ja igiyar. Kada ki cusa yatsa ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, hanta tana nan kusa da fata.

Daga nan riƙe ƙwaurinsa biyu, ki lanƙwasa gwiwoyinsa zuwa cikinsa a hankali, ki riƙe daƙiƙa biyar, ki saki. Sau biyar. Sannan ki motsa ƙafafun bi da bi kamar yana tuƙa keke. Sau da yawa a nan ne za ki ji ya saki iska ko ya yi kashi, saboda haka ki sa tsumma mai tsabta a ƙarƙashinsa. In cikin ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, ko yana amai kore, kada ki taɓa shi, asibiti za a tafi.

Ƙirji kaɗan ake yi: tafukan yatsu daga tsakiya zuwa kafaɗu, sau biyar. Nonon jarirai, mace da namiji, yakan kumbura a makon farko saboda sinadaran jikin uwa. Ba a matse shi. Zai saɓe da kansa, matsewa ce take sa ya yi ruwa ya tara mugunya. Hannu kamar ƙafa ake yi masa, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, a buɗe tafin da babban yatsa, a tsallake wurin allurar riga-kafin BCG a damtse. In yana ihu duk lokacin da aka ɗaga hannu ɗaya, ko hannun ba ya motsi, a bar shi a kai likita ya duba, ƙashin da ya haɗa gindin wuya da kafaɗa yakan karye wajen haihuwa mai wuya.

A fuska, manyan yatsu biyu daga tsakiyar goshi zuwa gefe, daga gefen hanci zuwa kumatu. Ba a danna maɗiga. Ba a murza kai don a gyara shi, yana komawa daidai da kansa. Wani jaririn yakan fito da ƙullutu mai laushi a gefe ɗaya na kai. Jini ne ya taru a kan ƙashi, kuma shi kansa yana ƙara shawara. Ba a gasa shi, ba a matsa shi, ba a tsaga shi. Nuna wa ma'aikacin lafiya, jiki zai shanye shi cikin makonni.

A ƙarshe kifa shi a kan cinyoyinki, fuskarsa a juye gefe, hanci a buɗe. Shafo daga wuya zuwa ɗuwawu a gefe biyu na ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba, sau shida.

Jariri yana faɗa idan ya gaji: yana kau da fuska, yana baza yatsu, yana shaƙuwa, fatarsa tana yin dabbare-dabbare, ko ya fashe da kuka. Da kin ga haka ki tsaya, ki rufe shi, ki ɗauke shi. Abubuwan da wasu ke ƙarawa bayan wanka don jariri ya yi ƙarfi, irin su wurga shi sama a cafe, ko riƙe ƙafafunsa kai a ƙasa, ko haɗa hannuwansa ta baya, ba sa cikin tausa. Wuyansa bai iya ɗaukar kansa ba, jijiyoyin cikin kan kuma suna iya tsinkewa. Bakwaini da wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, sai ma'aikaciyar jinya ta nuna yadda za a yi masa.

Wankan

Wankan farko a jira aƙalla awa 24 bayan haihuwa, kuma farin maiƙon da ya zo da shi kariya ce, ba datti ba. Bayan haka, mun saba da wanka safe da yamma da ruwa mai zafi. Ga jariri mai shawara sau ɗaya a rana ya isa. A watannin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ko bayan kwana biyu ko uku ma ya yi, muddin ana goge masa fuska da wuya da hammata da matsematsi kullum. Dalilin shi ne sanyi. Jaririn da ya ɗauki sanyi yana ƙone sukarin jikinsa don ya ɗumama kansa, sai ya yi laushi ya kasa tsotso. In bai sha ba, ba zai yi kashi ba, shawara ta ƙaru. Kada a yi masa wanka da asuba don kawai an tafasa ruwan jego. A jira hantsi ya ɗaga. A bazara ana iya haɗa tausa da wanka a zama ɗaya, tausa tukuna, a goge man da tsumma don kada ya suɓuce. A hunturu a raba su, kada ya wuce minti goma sha biyar tsirara.

Haɗa komai kafin ki tuɓe shi: baho, tawul biyu, zani mai laushi, auduga, sabulun jarirai marar turare, kayan sawa, hula, da maganin cibi. Zuba ruwan sanyi a baho tukuna, sannan na zafi, ki gauraya sosai. Zafin da ake so digiri 37 zuwa 38 ne. Tsoma gwiwar hannunki, ba tafi ba, don tafin da ya saba da tukunya da murhu ba ya jin zafi da wuri. In gwiwar ta ji ɗumi kawai, ya yi. Zurfin ruwan kada ya wuce faɗin yatsu huɗu. Ruwan ganyen bedi da aka dafa wa mai jego nata ne, ba a ɗibar wa jariri.

Fara da fuska yana naɗe. Jiƙa auduga da ruwa zalla, ki goge ido daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Goge fuska da bayan kunne ba sabulu. Sannan ki sassauta naɗin zanin, ki tallafe kansa da wuyansa a kan hannunki, yatsunki suna riƙe da hammatarsa ta nesa, ki saukar da shi cikin ruwan tare da zanin, ƙafa tukuna. Wanka cikin naɗi yana rage firgita da kuka, yana kuma riƙe ɗumi. Buɗe hannu ɗaya, wanke, ɗauraye, rufe. Haka ɗayan, haka ƙafafu, haka ciki da baya. Tafin hannunki ne soso. Mace a wanke mata daga gaba zuwa baya. Kai shi ne ƙarshe, don ta nan zafin jiki ya fi fita. Duka-duka minti biyar. Kada ki bar shi a ruwa ki juya ko don ɗauko tawul.

Ɗaga shi ki bar jiƙaƙƙen zanin a baho, ki naɗe shi da busasshen tawul har kai. Dannawa ake yi, ba gogewa ba. Busar da lungunan wuya da hammata da cinya, sannan ki canja zuwa tawul na biyu. Cibi yakan faɗi tsakanin kwana 5 zuwa 15. Kafin ya faɗi, a busar da gindinsa da kyau, a shafa man kulohezidin na cibi da ake bayarwa a asibiti sau ɗaya a rana, a naɗe bakin kunzugu ƙasa da shi. Kada wannan maganin ya kusanci ido, yana makantarwa. Gashin cibi da tsumma mai zafi, da man goge baki, da toka, duk hanyoyin shigar cuta ne. Cibi mai wari ko mugunya, ko wanda fatar kewayensa ta yi ja, na asibiti ne a ranar.

Sa masa hula, ki miƙa wa uwarsa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, a lulluɓe su tare, ta ba shi nono nan take, don wannan ne lokacin da ya fi zama a farke. Bayan rabin awa taɓa tafin ƙafarsa. In da sanyi a ƙara lulluɓi. Mai ma'aunin zafi ta sa a hammata: 36.5 zuwa 37.5 ne daidai.

Nono, rana da fitila

Tausa ba ta fitar da abin da bai shiga ba. Jariri mai shawara yana buƙatar nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, kuma tunda shawara tana sa barci, a tashe shi in ya kai awa uku bai sha ba. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, shi ne ke tura baƙin kashi waje, kada a zubar da shi. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar kashi ya kamata ya koma ruwan ɗorawa, fitsari kuma ya kai sau shida a rana. In har yanzu baƙi ne, nono ba ya isarsa. A duba yadda yake kama kan nonon. Ruwan gulukos, da jiƙon dabino, da jiƙon saiwar rawaya, da ruwan ɗanyar gwanda, da maganin ɗigawa na kemis, ba ɗaya da yake sauke bilirubin. Cika ƙaramin cikinsa suke yi su hana nono wuri. Addu'a da tofi a yi masa su, amma kada a ɗura masa komai.

Shanya jariri a rana ba magani ba ne da za a dogara da shi. Ranar Katsina a watan Afrilu tana ƙona fata ta ƙafar da ruwan jiki cikin ɗan lokaci, ta safiyar hunturu kuma sanyi take sa masa. Gwajin da aka yi a Legas aka wallafa a 2015 ya nuna hasken rana yana aiki, amma a ƙarƙashin rumfa mai wata leda ta musamman da take tace haskoki masu cutarwa, ma'aikatan jinya suna auna zafin jikin jariran a kai a kai.

In an kwantar da shi a fitila, ba a shafa masa mai ko kaɗan, don mai yana tare haske yana kuma iya sa fata ta ƙone. Tausa sai da izinin ma'aikaciyar jinya, da busasshen hannu, a lokacin da aka fito da shi shan nono. A mayar da shi da wuri, a gyara masa marufin ido.

Wanda aka sallamo, a koma da shi ranar da aka ce, ko da ta faɗo ranar suna, don bilirubin yakan sake ɗagawa bayan an kashe fitila. A gaya wa wanzami jaririn yana da shawara. Cire beli da tsaga suna jawo zubar jini da shigar cuta, kaciya kuma a ɗaga ta sai likita ya ce ya warware. In shawara ta wuce kwana 14, ko 21 ga bakwaini, a koma asibiti ko da yana shan nono yana ƙiba. A buɗe kunzugunsa a duba a hasken rana: kashi fari-fari ko toka-toka, tare da fitsari mai duhu da yake rina tsumma, alamar toshewar hanyar matsarmama ce. Tausa ba ta buɗe ta. Tiyata ake yi, kuma ta fi yin nasara idan an yi ta kafin jariri ya cika wata biyu.